FILIN KIMIYYA DA SANA'A: Ashe Farfelar Jirgi Ma Tana Da Giya

 Muna miƙa gaisuwa ga 'yan uwa na zangunan Akra, Kumasi, Tamale, Sekondi da Takoradi, da duk inda wannan mujalla take isa, musamman kanikawa da yaransu da direbobi, domin zancen wannan wata kusan nasu ne. Za mu yi bayani ne a kan farfelar jiragen saman yaƙi na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu ke kira yaƙin Hitila, da kuma libobin da matuƙi yake sarrafa inji da su.

Wataƙila wani ya ce, ina ruwan biri da gada? To, akwai ruwanmu ƙwarai, domin dubbai daga cikin jiragen nan a Takoradi aka ɗaura musu farfela, daga nan suka tashi zuwa fagen fama. Za mu zo kan wannan a gaba. Har ila yau, darasin da ke cikin labarin shi ne wanda muke fama da shi kullum a garejinmu, watau ƙarfin inji ba ya amfanar kowa sai an daidaita shi da nauyin aikin da aka ɗora masa.

YADDA FARFELA KE CIZON ISKA

Idan mai karatu ya dubi fankar ɗakinsa zai ga rassanta ba a shimfiɗe suke ba, kowane reshe a ɗan karkace yake. Wannan karkata ita ce ke sa reshen ya yanki iska ya tura ta. Haka farfelar jirgi take, sai dai kowane reshe nata an ƙera shi ne da siffar fiffiken jirgi. Tana tura iska baya, ita kuma tana jan jirgi gaba, kamar kusa mai murɗi da ake ɗaurawa da sukundireba, wadda kowane juyi ɗaya yake shigar da ita cikin katako. In karkatar reshen 'yar kaɗan ce, farfela tana ɗaukar ƙaramar loma ta iska, inji ya juya ta cikin sauƙi. In karkatar babba ce, lomar babba ce, kowane juyi yana ci gaba da nisa, amma inji yana jin jiki.

Matsalar ita ce, girman lomar bai tsaya ga karkatar reshe kaɗai ba, har da gudun jirgin. Lokacin da jirgi yake tsaye a bakin fili, babbar karkata ta yi wa reshe yawa, sai ya riƙa marin iska maimakon yankarta, inji kuma ya kasa kai juyin da yake ba da cikakken ƙarfinsa. Idan kuwa jirgi ya yi nisa cikin gudu, iska tana zuwa da ƙarfi daga gaba, ƙaramar karkata ba ta samun abin cizo, sai inji ya yi ta kururuwa ba tare da gudu ya ƙaru ba. Duk direban da ya taɓa hawan Aburi ko na Mampong da cikakken lodi ya san wannan. Ba a ɗaga mota da giya ta huɗu, ba a kuma bin shimfiɗaɗɗiyar hanya da giya ta ɗaya. Jirgin sama ba shi da akwatin giya irin na mota, saboda haka karkatar farfela ita ce giyarsa.

Bari mu ɗauki injin Merlin na kamfanin Rolls-Royce, wanda aka sa wa jiragen Ingila biyu da suka yi suna, watau Hurricane da Spitfire. Yana da silinda 12, girmansa lita 27, kuma samfurin da aka shiga yaƙi da shi yana ba da ƙarfin doki 1,030 idan yana juyi 3,000 a minti ɗaya. Farfela ba ta juyawa da wannan sauri, akwai haƙoran giya tsakaninta da inji da ke rage juyin zuwa kimanin 1,430. Dalili kuwa shi ne, in bakin reshe ya kusa kai gudun sauti, ƙarfi yana salwanta a banza cikin ƙara.

DAGA KATAKO ZUWA GWAMNA

Jiragen Hurricane da Spitfire na farko farfelarsu ta katako ce mai reshe biyu, karkatarta a kafe take, an zaɓe ta don gudu a can sama. Watau mota ce mai giya ɗaya tak, giyar kuma ta gudu. Saboda haka wajen tashi sai jirgi ya ci fili mai tsawo, wajen yadi 420, kafin ya rabu da ƙasa.

Tun kafin wannan, a Amurka, wani injiniya mai suna Frank Caldwell na kamfanin Hamilton Standard ya ƙera farfelar da matuƙi zai iya juya rassanta yana cikin tafiya, har aka ba da lambar yabo ta Collier ta shekarar 1933 saboda ita. Kamfanin de Havilland na Ingila ya sayi izinin ƙera irinta. Daga Spitfire na 78 aka fara sa ta ƙarfe mai reshe uku, mai matsayi biyu, ƙaramar karkata don tashi, babba don tafiya. Nauyinta ya ninka na ta katako wajen sau huɗu, amma duk da haka filin tashi ya ragu zuwa yadi 320.

Giya biyu ta fi ɗaya, amma fa ta zo da nata haɗari, domin komai ya koma kan tunanin matuƙi. A watan Maris na 1940, shahararren matuƙin nan Douglas Bader, wanda ya rasa ƙafafunsa biyu a haɗarin jirgi tun 1931 yake tuƙi da ƙafafun ƙarfe, ya yi yunƙurin tashi da Spitfire alhali farfela tana kan babbar karkata. Jirgin ya ƙi ɗagawa har fili ya ƙare, ya ragargaje, ƙafafun ƙarfen suka lanƙwashe, shi kuwa ya tsira da rauni a ka. Kuma a tsakiyar faɗa, inda jirgi yake hawa yana sulmiyowa cikin ƙiftawar ido, sau da yawa babu ɗaya daga cikin matsayin biyu da ya dace.

Maganin wannan shi ne wata 'yar na'ura da ba ta kai girman kan mutum ba, wadda maƙeranta suka sa wa suna gwamna. A cikinta akwai wasu ƙananan ƙarafa masu nauyi da inji ke juyawa, da sifirin da ke danne su, da bawul mai buɗe wa baƙin mai hanya. Matuƙi yana zaɓar juyin da yake so da liba, alal misali 2,600 a minti, libar kuma tana matse sifirin daidai wannan. In jirgi ya sunkuya ƙasa inji ya fara wuce 2,600, ƙarafan nan sai su buɗe waje su ɗaga bawul, mai ya fita daga cibiyar farfela, rassa su ƙara karkata, loma ta ƙaru, inji ya dawo daidai. In jirgi ya ɗaga kai inji ya fara nauyi, sifirin ya rinjayi ƙarafan, mai ya shiga, karkata ta ragu. Haka take yi babu tsayawa, matuƙi bai taɓa komai ba. Kanikawan da ke gyaran janareta da famfon man dizal sun san wannan dabara, domin gwamnan da ke hana janareta canza murya idan an kunna masa kaya, ɗan gidansu ɗaya ne.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma Ingilishi saura ƙiris su yi haka. Lokacin da Faransa ta faɗi a watan Yuni na 1940, wasu jiragensu ne kawai ke da irin wannan farfela, ta kamfanin Rotol wanda Rolls-Royce da Bristol suka kafa a 1937. Yawanci suna kan mai matsayi biyu. A ƙarshen watan Yunin ne ma'aikatan de Havilland suka bazu filayen jiragen yaƙi da kayan aiki a cikin motoci. In ƙwararre ya isa fili, shi zai yi wa jirgi na farko aiki kanikawan soja suna kallo, na biyu su yi yana taimaka musu, na uku su yi yana tsaye yana dubawa, sa'an nan ya wuce fili na gaba ya bar su da sauran. Kafin tsakiyar watan Agusta, daidai lokacin da Jamus ta buɗe manyan hare-harenta a kan Ingila, an gama da jirage sama da 1,000. Filin tashin Spitfire ya koma yadi 225, yana hawa da sauri fiye da da, yana kuma kaiwa inda da ba ya kaiwa. Injin nan dai shi ne, ba a ƙara masa ko silinda ɗaya ba.

AIKIN HANNUN HAGU

Matuƙin jirgin yaƙi yana riƙe sandar tuƙi da hannun dama, hannun hagu kuwa na inji ne. Liba ta farko ita ce totur. A can sama iska tana da ƙaranci, a tsawon ƙafa 18,000 matsinta ya ragu zuwa kusan rabin na ƙasa, inji kuwa ba ya ƙona fetur sai da iska. Don haka aka sa masa famfon cusa iska, ɗan uwan tobo ɗin manyan motoci, sai dai shi inji ne ke juya shi ta haƙoran giya, ba hayaƙin salansa ba. Totur shi ke ƙayyade yawan matsin da ke shiga silinda, akwai kuma agogo mai nuna shi. Iyakar da aka sa wa Merlin na farko ita ce laba shida da kwata a kan kowane inci murabba'i, bisa matsin iskar ƙasa. Da aka samu fetur mai lamba 100 a 1940, sai aka yarda matuƙi ya kai laba 12 idan rai ya yi halinsa, ƙarfi ya haura doki 1,300, amma na minti biyar kawai, kuma in ya sauka dole ya faɗa a rubuta domin kanikawa su duba injin.

Liba ta biyu ita ce ta farfela, wadda muka yi bayani. Ta uku ita ce ta gaurayen fetur da iska, mai kama da cok na babur. Wajen tashi da faɗa ana ba da fetur da yawa domin yana sanyaya silinda, wajen doguwar tafiya a rage shi. Akwai kuma libar murfin lagireto, a buɗe shi in inji ya yi zafi, a rufe in ana son gudu. Injunan baya, irin su Merlin XX na Hurricane samfuri na biyu, an ƙara wa famfon iskarsu giya biyu, ta ƙasa da ta sama.

A nan akwai abin lura. Da farfela mai gwamna, kunne ba ya gaya wa matuƙi gaskiyar ƙarfin injinsa, domin ko ya ƙara totur ko ya rage, juyi yana nan inda ya ajiye shi. Dole ya karanta agogo biyu, na juyi da na matsi. Kuma akwai ƙa'idar da ake cusa wa kowane ɗalibi: in za ka ƙara ƙarfi, fara tura libar farfela sa'an nan totur, in za ka rage, fara janye totur sa'an nan farfela. Wanda ya saɓa, ya cusa wa inji matsi mai yawa alhali yana juyi a hankali, fetur zai riƙa fashewa a cikin silinda maimakon ƙonewa daki-daki, a ji ƙwanƙwasa kamar ana buga guduma, fistin ya huje. Daidai yake da direban da ya take totur har ƙasa a kan tudu yana cikin babbar giya. Bambancin kawai, shi direba yana da gefen hanya da zai tsaya.

Jamusawa ma sun sha fama da wannan. Jirginsu Messerschmitt 109 samfurin E yana da farfelar VDM mai aiki da lantarki, wadda a farko matuƙi ne ke juya rassanta da ɗan makunni yana duban wani agogo mai hannu biyu kamar na bango. Ƙwararre yana cin moriyarta, amma sabon shiga da ake harbi ta baya ba shi da idon duban agogo. Daga baya suka sa mata na'ura mai yi da kanta. A 1941 kuma suka fito da Focke-Wulf 190 mai injin BMW 801, wanda aka haɗa masa wata na'ura mai suna Kommandogerät. Liba ɗaya tak matuƙi ke turawa, ita kuwa ta daidaita matsi, da karkatar farfela, da gaurayen fetur, da lokacin wutar fulogi, da giyar famfon iska.

Ta wani ɓangaren kuma Jamus ta riga Ingila tun farko. Injin Messerschmitt famfo ne ke fesa masa fetur kai tsaye cikin silinda, shi kuwa Merlin kafireta gare shi mai bulbula. In matuƙin Spitfire ya dunkufar da hancin jirgi farat ɗaya, fetur sai ya tashi sama a cikin kafireta, inji ya yi tari ya ɗauke na ɗan lokaci, abokin gaba ya tsere. Wata injiniya mace, Beatrice Shilling, ta cibiyar binciken jirage da ke Farnborough, ita ta rage wannan matsala a 1941 da wani ɗan faifan tagulla mai huda a tsakiya, wanda ke ƙayyade fetur ɗin da ke shiga. Iyayen da ke ganin aikin ƙarfe ba na 'ya mace ba ne, sai su riƙe wannan suna.

DAGA TAKORADI ZUWA ALƘAHIRA

Da Italiya ta shiga yaƙi a watan Yuni na 1940, Bahar Rum ya zama da haɗari ga jiragen ruwan Ingila masu kai kaya Masar. Sai aka dawo ta wajenmu, lokacin ƙasar nan tana Gwalkwas. Ana kawo jiragen yaƙi a cikin manyan akwatuna ta tashar ruwan Takoradi, a haɗa su a nan, a gwada su, sa'an nan su tashi zuwa Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda aka mayar wa suna Njamena a 1973, su shiga Sudan ta Junaina da Fashir zuwa Hartum, su bi kogin Nilu har Masar. Tafiya ce ta sama da mil 3,500. Abin da ya buɗe tsakiyar hanyar shi ne gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi bayan Janar de Gaulle a watan Agusta na 1940. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na shekarar, jirgin Blenheim ɗaya mai ɗauke da masanin hanya yana jan Hurricane shida. Kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. Duk mai karatun da ya dubi sunayen garuruwan nan zai ga kusan hanyar da kakanninmu alhazai suka bi da ƙafa ce zuwa Makka.

Jirgin da aka ƙera don faɗan sa'a ɗaya a kan Ingila, ga shi an ce ya ratsa daji da hamada na sa'o'i, cikin zafi da hazon hunturu. An ƙara wa Hurricane tankunan mai a ƙarƙashin fukafukai, da matatar iska ta Vokes a ƙarƙashin hanci saboda rairayi. Sauran aikin kuwa na hannun hagun matuƙi ne. Hanyar tattalin mai ita ce a rage juyin inji da libar farfela, a riƙe matsi daidai iyakar da littafin injin ya yarda da ita a wannan juyi, a kuma rage fetur a gauraye. Injin da ke juyi a hankali ba ya ɓarnar ƙarfi wajen gugar ƙarafansa. Irin wannan dabara ce Charles Lindbergh, wanda ya ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai a 1927, ya koya wa matuƙan P-38 na Amurka a yankin Niyu Gini a 1944, nisan tafiyarsu ya ƙaru ƙwarai. A kan hanyar Takoradi, matuƙin da ya bar injinsa yana kururuwa zai iya ganin tankinsa ya bushe tsakanin Fort Lamy da Junaina. Garaje ba ƙarfi ba ne.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Jiragen yaƙi sun koma injin jet tun bayan yaƙin, amma farfela mai gwamna ba ta mutu ba, ita ce a jikin jiragen farfela masu jigilar fasinja har yau. Abin da ya fi damunmu a wannan fili shi ne halin da yaranmu masu koyon aiki suke ciki. A Suame Magazine ta Kumasi da garejin zangunanmu akwai samari masu hannu, waɗanda za su sauke inji su mayar ba su bar noti ɗaya a ƙasa ba. Amma tambayi yaro dalilin da ya sa inji ke ƙwanƙwasa a kan tudu, sau da yawa sai ya ce haka maigida ya ce a yi. Yaro ya shekara biyar yana wanke ƙarafa da miƙa sufana, ba a taɓa zaunar da shi an ce ga yadda abin yake aiki ba. Motocin da ke shigowa yanzu kuwa kwamfuta ke daidaita musu fetur da wuta da giya, jikokin na'urar nan ta Focke-Wulf ke nan, kuma wanda bai san abin da take daidaitawa ba, ba zai gane abin da na'urar gwaji take faɗa masa ba. Aiki zai bar hannunmu ya koma hannun waɗanda suka haɗa sana'a da karatu.

Saboda haka muna kira ga iyayen gida kanikawa da su dubi yadda ma'aikatan de Havilland suka yi: na farko ka yi yaro yana kallo kana bayani, na biyu ya yi kana taimako, na uku ya yi kana tsaye. Ba don sun yi haka ba, da jirage dubu ba su gyaru cikin mako bakwai ba. Ɓoye wa yaro sirrin aiki don kada ya buɗe nasa gareji ba ya ƙara wa maigida komai, al'umma kawai yake ragewa. Iyaye kuma kada mu cire yaro daga makaranta da sunan koyon sana'a tun bai iya karanta littafin inji da lissafin awo ba, ga makarantun koyon fasaha nan a manyan garuruwanmu. Waɗanda kuma Allah ya bar musu dattawa da suka ji labarin zamanin jiragen Takoradi daga bakin iyayensu, a zauna da su a rubuta abin da suka riƙe, a aiko mana ta ofishin edita, za mu buga a wannan fili.

Allah ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, ya shirya mana zuriya, ya kiyaye mu da sharrin ƙarfe. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.